A bar haƙoran yaranmu yadda Allah ya yi su

'Yan uwa 'yan kasuwa, maza da mata, wata sabuwar haja ta shigo mana: garin gawayi da ruwan shafawa da ake cewa suna faranta haƙori cikin kwana kaɗan. 'Yan mata 'yan lakwal suna gani a TikTok, su zo su tasa uwa gaba sai ta saya. Wadda ba ta da kuɗi kuma ta haɗa lemun tsami da bikarbonat ta dirza. Mu dai muna ganin wannan kwalliya ba ta yara ba ce.

Haƙori yana da wani ɓawo mai tauri da ke rufe da shi. Tsamin lemu yana cin ɓawon, gawayi yana kankare shi, kuma in ya tafi ba ya sake tsirowa. Abin da ke ƙarƙashinsa rawaya ne. Ke nan garin neman fari sai a ƙare da rawaya, ga tsami in an sha ruwan sanyi. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Iyaye mata su sani, haƙoran girma da ke fara fitowa wajen shekara 6 dama ba su kai na nono fari ba. Ba dauɗa ba ce, halitta ce.

Wani jan haƙorin kuma daga ciki yake. Mutanen Maradi ba su manta da Tibiri ba, inda a wajajen 2000 aka gano ruwan pampo mai yawan sinadarin fuliyo ya ɓata haƙoran yara, wasu har ƙafafu suka lanƙwashe. Hukumar lafiya ta duniya ta ce kada ya wuce miligiram 1,5 a lita. Haka kafson tetirasikilin da ake tallansa a tire, in an bai wa yaro ɗan ƙasa da shekara 8, yana rina haƙori. Irin wannan launi, ko buhun gawayi aka ƙarar ba ya fita.

A Tarayyar Turai, dokar 2011 ta hana a yi wa ɗan ƙasa da shekara 18 aiki da magungunan faranta haƙori masu ƙarfi, babba ma sai ta hannun likitan haƙori. Abin da suka hana wa 'ya'yansu, don me za mu shimfiɗa shi a tebur mu sayar wa namu?

Kakanninmu da fure da goro suke jajanta haƙori, a ce sun yi kyau. Yayi yana wucewa, haƙori kuwa sau biyu kaɗai yake fitowa.

Don haka, Hajiya, in yarinya ta zo saye, ki ce mata a'a. Alhaji mai sari, ka bar wannan kwali a can. A riƙe asuwaki, a goge baki da buroshi da man goge baki safe da dare, a rage alewa da lemun kwalba. In launin ya dame mu, a kai yaro wajen likitan haƙori. Ribar jikka ɗaya ba ta sayen haƙori ko guda.