A Gidan 'Yan Arabiyya Aka Yi Renonmu

Masu raina ɗan Arabiyya, ku zo mu yi lissafi. Jami'ar Bayero da kuke tinƙaho da digirinta, a ina aka yanke mata cibiya? A cikin ganuwar Kano, a harabar makarantar Larabci ta SAS, a 1960, da sunan Kwalejin Ahmadu Bello. Da aka kafa ABU a 1962 sai aka sauya mata suna zuwa Abdullahi Bayero. A 1964 a tsohon otal ɗin filin jirgi ta raɓe, da ɗalibai goma kacal. Sai 1977 ta zama cikakkiyar jami'a.

To mu 'yan kwamfuta, da wane baki za mu ce mai digirin Larabci bai yi karatu ba?