Zuwa Ga Marubutan Kazaure, Ɓaɓura, Roni Da Gwiwa: In Kun Je Bikin Adabi, Ku San Ɗakin Da Za Ku Shiga



 Dalilin wannan takarda shi ne bukukuwan adabi da ake yi a manyan birane, waɗanda wasunmu suka fara halarta, wasu kuma suna nan suna tara kuɗin mota. Galibi irin wannan biki ba ya wuce kwana uku ko huɗu, kuma sau da yawa zama biyu ko uku ake yi a lokaci guda. Dole mutum ya zaɓa. Abin da nake gani shi ne yawancinmu muna zaɓar inda aka fi cika, alhali amfanin yana ɗakunan da kujeru suka fi mutane yawa.

Waɗanda suka fi kusa da mu sanannu ne. Lola Shoneyin ta fara bikin Ake a Abekuta a 2013, daga 2018 kuma aka mayar da shi Legas. Ita ce dai ta jagoranci bikin littattafai da fasaha na Kaduna, KABAFEST, wanda aka fara a 2017 da haɗin gwiwar gwamnatin jihar, kuma babbar baƙuwar wannan karon na farko ita ce Leila Aboulela, marubuciya 'yar asalin Sudan. A 2021 Sada Malumfashi da abokan aikinsa suka buɗe HIBAF a Gidan Arewa da ke Kaduna, biki na ƙasa da ƙasa wanda Hausa ce ginshiƙinsa. Ga kuma babban taron shekara-shekara na ƙungiyar marubuta ta ANA, wadda Chinua Achebe ya assasa a 1981. Na nesa, akwai na Jaifur a Indiya da aka fara a 2006, da baje kolin littattafai na Alƙahira tun 1969, da na Sharja tun 1982. Ba na cewa kowa ya nemi biza. Wanda ya hau mota a tashar Kazaure da sassafe, ya sauya a Kano, zai yi la'asar a Kaduna, kuma wannan ya isa a fara da shi.

Bikin buɗewa, gaskiya, ba shi ne abin da ya kai ku ba. Za a yi jiran babban baƙo, a yi jawabin maraba, a yi na godiya, wakilin wani ya karanta takardar da ba shi ya rubuta ba, a ɗauki hoto. In kun isa da wuri ku zauna don girmama masu gida, ba laifi. Amma kada wani ya dawo Roni ko Gwiwa da hoto ashirin tare da manya a wayarsa, a tambaye shi me aka tattauna ya kasa ba da amsa. Ku karɓi jadawalin taron tun a ƙofa, ku sa biro ku zagaye abin da za ku halarta kafin hira ta ɗauke muku hankali.

Abu na farko da zan ce a zagaye shi ne zaman masu fassara. A nan zan daɗe, domin a nan muka fi yin asara. Littattafan Hausa da aka buga a Kano tun daga tsakiyar shekarun 1980 sun kai ɗaruruwa, amma waɗanda suka fita zuwa wani harshe ana iya ƙirga su da yatsu. Mervyn Hiskett ya mayar da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa zuwa Ingilishi a 1967. Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ya fito a 1990, amma sai a 2012 ya samu fassarar Ingilishi ta hannun Aliyu Kamal, kuma ba a Legas ko Landan aka buga ta ba, wani ƙaramin kamfani ne mai suna Blaft a birnin Chennai na Indiya ya ɗauka. Shekara ashirin da biyu littafin yana hannun masu karatun Hausa kafin na waje su san da shi. Ba don ya rasa daɗi ba ne, sai don babu wanda ya haɗa mai littafin da mai fassara da mai bugawa. Wannan haɗin shi ne aikin da bikin adabi yake yi, kuma ba a kan dandamali ake yin sa ba, bayan an tashi ne, lokacin da mai fassarar take tattara takardunta babu kowa a kanta.

Wanda yake ganin rubutu da harshen gida ba ya kai mutum ko'ina, ya duba Indiya. A 2022 Geetanjali Shree ta ci kyautar Booker ta ƙasa da ƙasa da littafin da ta rubuta da Hindi, Daisy Rockwell ta fassara. A 2025 Banu Mushtaq ta ci wannan kyauta da gajerun labarai da ta rubuta da harshen Kannada a kan rayuwar matan Musulmi na kudancin Indiya, Deepa Bhasthi ta fassara. Labaran aure ne da kishiya da miji mai ƙarfin hali da 'ya'ya mata, irin waɗanda 'yan'uwanmu mata suke rubutawa kullum ana ce musu ai soyayya ce kawai. Kuɗin kyautar fam dubu 50 ne, kuma raba shi ake yi daidai tsakanin marubuci da mai fassara. Wannan rabon ya kamata ya nuna mana matsayin da duniya ta ba mai fassara. A wajenmu kuwa wani lokaci ko sunansa ba a sawa a bango.

To, kada ku shiga ɗakin masu fassara hannu rabbana. Ku tafi da shafi ɗaya da ya taƙaita labarinku daga farko har ƙarshe, ba tare da ɓoye yadda ya ƙare ba, domin mai bugawa ba mai karatu ba ne da za a ja masa rai. Ku haɗa da babi ɗaya da aka gyara sosai. In akwai malamin Ingilishi ko na Larabci da kuka amince da shi, ya fassara muku taƙaitawar kafin ku tafi. Idan magana ta yi nisa har aka kawo takardar yarjejeniya, kada a sa hannu a harabar taro. A tambaya: wane harshe aka saya, na shekara nawa, a waɗanne ƙasashe? Haƙƙin fassara daban, haƙƙin mayar da labari fim daban, na karanta shi a rediyo ko YouTube ma daban. Nijeriya ta samu sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023, kuma in kun ga zaman da lauya zai yi bayani a kanta, ku bar shan shayi ku je.

Bayan wannan sai bitar gyaran rubutu. Galibi guraben kaɗan ne, kuma tun kafin ranar taro ake rubuta suna, don haka ku riƙa bibiyar sanarwar masu shiryawa. Na san akwai masu ganin sun wuce nan, tunda suna da mabiya dubbai da ke jiran ci gaban labari kowane dare. Amma mabiya ba sa gyara. Littattafan da muke alfahari da su, Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara da sauran waɗanda suka fito daga gasar rubutu ta 1933, sai da suka bi ta hannun edita Rupert East a Zariya, aka soke, aka rage, aka sake rubutawa. Yau mutum zai gama labari da asuba, da hantsi ya sake shi, ƙ ta zama k, ɗ ta zama d, kalmomi biyu sun manne, ɗaya ta rabu biyu, jarumar da aka ce marainiya ce a babi na biyu sai ga mahaifinta yana ɗaura mata aure a babi na tara. Awa biyu a gaban editan da bai san ku ba, kuma ba ya jin kunyarku, sun fi yabon wata shida. In ya ja jan layi a kan sakin layin da kuka fi so, ku tambaye shi dalili, kada ku fara kare kai.

Hira da marubuci a kan littafinsa tana da daɗi, amma ga wanda ya karanta littafin ne. Jadawali yakan fito tun da sauran makonni. Ku zaɓi littafi ɗaya ko biyu ku karanta kafin tafiya. Idan mai littafin irin su Abubakar Adam Ibrahim ne, wanda ya ci kyautar adabi ta NLNG ta dala dubu 100 a 2016 da labarin da ya gina a kan rayuwar Hausawa duk da cewa da Ingilishi ya rubuta, tambayar da za ta amfane ku ita ce ta sana'a: sau nawa ya sake rubutun, me edita ya sa ya cire, yaya ya yi da maganar da a zuciyarsa da Hausa aka faɗe ta. Kuma don Allah, in an miƙo makirufo a yi tambaya a zauna. Ɗabi'ar nan tamu ta fara da gabatar da kai da lissafa littattafan da mutum ya rubuta, har mai gabatarwa ya ce lokaci ya ƙure, ba ta ƙara wa kowa daraja.

Teburin sayar da littattafai kuwa makaranta ce da ba a biyan kuɗin shiga. Wanda ya je kasuwar dabbobi ba don saye kaɗai yake zuwa ba, yakan tsaya ya ga yadda ake duba haƙori da yadda dillali yake yanka farashi. Haka za ku yi. Ku ɗauki littafin kamfanin Cassava Republic ko na Ouida ku juya shi: irin takardar, faɗin gefen shafi, abin da aka rubuta a bayan bango, lambar ISBN, wadda a Nijeriya Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ne ke bayar da ita. Ku kwatanta da namu. Sannan ku yi hira da mai teburin, ku ji kashi nawa yake cira, wane littafi ne ya fi tafiya, ko zai karɓi kwafi biyar na naku. Mai sayarwa ya fi farfesa sanin abin da mutane ke saye.

Daren waƙa namu ne, kada ku ji tsoronsa. Za ku ga matasa suna karanta waƙar Ingilishi da ɗaga murya da wasa da hannu, ana tafi. Ku saurara, akwai abin koyo. Amma waƙar Hausa tun asali rerawa ake yi. Imfiraji na Aliyu Namangi ta baki ya shiga gidaje kafin da yawa su gan shi a takarda, kuma waƙoƙin Aƙilu Aliyu a rediyo mutane suka haddace su. Mai waƙar da ya tashi ya rera baitocinsa da karinsu da amsa-amonsu zai kama zauren ko da rabin mutanen ba sa jin Hausa. Sharaɗi ɗaya ne: in an ba ku minti uku, kada ku kawo waƙa mai baiti saba'in.

Ga 'yan'uwa mata, na san fita kwana uku ba ƙaramin abu ba ne a gidajenmu. Ku haɗa kai ku tafi a ƙungiya, a nemi izini tun da wuri, a nuna wa maigida ko iyaye jadawalin da masaukin. Ku kuka fi yawa a wannan sana'a, tun daga Hajiya Hafsat Abdulwaheed da So Aljannar Duniya a 1980 har zuwa gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016. Bai dace a yi zama a kan rubutun mata a Arewa ba tare da ku a ɗakin ba.

Sai baƙi daga Nijar. In kun ji wani yana Hausar Damagaram ko ta Maraɗi a wurin, ku matsa kusa ku gaisa. Daga Ɓaɓura iyaka ba nisa, kuma can akwai masu karatu da littattafanmu ba sa isa gare su sai ta hannun 'yan kasuwa. Lambar waya ɗaya ta mai shagon littafi ko ma'aikacin rediyo a can ta fi katin babban mutum da ba zai ɗaga kiranku ba.

Kuɗi kuwa, a yi shi a fili: ba kowa ne zai iya zuwa ba. Shi ya sa nake ganin gara a yi karo-karo a tura mutum biyu daga kowace ƙaramar hukuma, a raba musu aiki, wannan ya shiga zaman fassara, wancan bitar gyara, kowa da littafin rubutu a hannu. Waɗanda suka rage a gida su nemi abin da aka sa a intanet, domin manyan bukukuwa da yawa suna ɗora zamansu a YouTube. Da wakilai sun dawo, kafin mako biyu a kira zama su ba da rahoto.

Wurin zama ba zai gagara ba. Kazaure tana da Kwalejin Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu, Ɓaɓura tana da Jami'ar Fasaha ta Tarayya, ga makarantun sakandare a Roni da Gwiwa da wataƙila ɗalibansu ba su taɓa ganin marubuci ido da ido ba. Ranar Hausa ta Duniya 26 ga Agusta ce kowace shekara. Ina roƙon shugabannin ƙungiyoyinmu su nemi aron aji ɗaya a wannan rana, a gayyato edita ɗaya da mai fassara ɗaya daga Kano, kowane marubuci ya zo da babi guda a gyara masa a gaban 'yan'uwa. Wanda yake da niyya ya fara tsabtace babinsa tun yanzu.

Wassalam.

Naku,
Ɗan'uwanku a alƙalami