Takardar Neman Aiki Ta Farko

Ko wace shekara samari da 'yan mata masu ɗimbin yawa su kan gama makaranta, su gama bautar ƙasa, su shiga neman aiki. Kafin ɗayansu ya taka ƙofar ofis, takardar da ya rubuta tarihin karatunsa a ciki ta riga shi isa. Galibi mai ɗaukar aiki bai san yaron ba, bai san ubansa ba, da takardar nan kaɗai zai auna shi. Saboda haka mu ka ga ya kamata mu yi magana da malaman makaranta da akawuna, domin daga hannun malami yaron ya ke fitowa, a teburin akawu kuwa takardarsa ta ke sauka.

A zamanin En'e, kafin gyaran ƙananan hukumomi na 1976, yaro ya kan tafi wurin mai rubutun wasiƙa a bakin gidan waya, ya biya a tsara masa takarda cike da roƙo da ambaton talaucin iyaye. Yau shagon kwamfuta ya ke zuwa, a ɗauko takardar wani, a goge suna a sa nasa. Sai akawu ya tarar da takardu goma duk bakinsu ɗaya, kowa mai ƙwazo, kowa mai haƙuri, ba wanda ya faɗi abin da hannunsa ya taɓa yi.

Tushen cutar shi ne yaro ya na ganin ba shi da abin rubutawa, tun da bai taɓa cin albashi ba. Daga nan sai ƙari ya shigo. A rage shekarun haihuwa, a gyara sakamakon Lissafi, a ƙago aikin da ba a yi ba. To, ramin ƙarya ƙurarre ne. A watan Yuli na 1999 Salisu Buhari ya sauka daga kujerar Kakakin Majalisar Wakilai, bayan an gano bai yi karatu a Jami'ar Toronto ta Kanada ba, kuma ya ƙara wa kansa shekaru. A watan Satumba na 2018 Ministar Kuɗi, Kemi Adeosun, ta ajiye aiki saboda takardarta ta yafe bautar ƙasa ta zama jabu, ko da ya ke ta ce ba da saninta ba ne. In manya ba su tsira ba, ina ƙaramin akawu? Ga shi yanzu ana iya bincika sakamakon WAEC da NECO ta intanet.

Wasu za su ce wahalar banza ce, aiki sai mai uwa a gindin murhu. Ba mu musa ana yin haka ba. Amma ko wanda aka ɗauka ta hanyar wani, takardarsa ta na nan cikin fayil. Yawancin ma'aikatan gwamnati a Nijeriya su na barin aiki ne in sun cika shekara 60 da haihuwa ko 35 su na aiki, da ranar haihuwar da su ka rubuta tun farko kuwa za a yi lissafi. Ran da aka zo tantance ma'aikata, mai yiwuwa wanda ya tsaya masa ya daɗe da barin kujera.

Abin da ya kamata yaro ya rubuta ba shi da yawa. Cikakken sunansa kamar yadda ya ke a takardun shaidarsa, ranar haihuwa, adireshi da lambar waya. Sa'an nan makarantun da ya yi, ko wace da shekararta da abin da ya samu. Bayan wannan ya faɗi abin da ya yi da gaske. In ya koyar lokacin bautar ƙasa, ya faɗi aji da darasi. In shi ke riƙe littafin bashi a kantin ubansa, ko ya yi sakataren ƙungiyar ɗalibai, ko ya koyi gyaran waya, duk aiki ne, kada ya raina. Ya ambaci harsunan da ya iya. A ƙarshe ya sa mutum biyu da za su shaide shi, bayan ya nemi izininsu. Shafi guda ya isa.

Malamai, icce tun ya na ɗanye a ke tanƙwara shi. Kafin 'yan ajin ƙarshe su fita, a sa kowa ya rubuta tasa da kansa, a gyara masa. Kada kuma malami ya sa hannu a shaidar yaron da bai sani ba, don sunansa ne ya ke jinginarwa. Ku kuma akawuna, in gajeriyar takarda mai gaskiya ta zo teburinku, kada ku ture ta don doguwa mai ado. Muddin yara sun ga ƙarya ce ke samun shiga, wa'azinmu ba zai yi amfani ba. Allah ya ba 'ya'yanmu abin yi na halal, amin.