Zancen Gida: Kurfoti Da Sanyin Hunturu

 Ga hunturu ya ƙwanƙwasa ƙofa. Daga Disamba zuwa Fabrairu, sanyin asuba kan sa a jawo tsohon kurfoti daga bayan ɗaki a Aboabo, Asawase da Sabon Zongo, don ɗuma ruwan alwala, ko na mai jego, ko kuma tsofaffi su ji ɗumi.

Kafin a zuba gawayi, sai a duba lafiyarsa. Fara da ragar da gawayi ke zama a kai: in tsatsa ta ci ta, garwashi zai riƙa zubowa ƙasa. Sannan a girgiza ƙafafun. Kurfotin da ke rawa yana iya kifar da tafasasshen ruwa a kan yaro. Mai walda na unguwa, ko na Suame Magazine, zai sauya raga ya ɗaure ƙafa da kuɗi kaɗan.

Wanda ya sayi Gyapa na hannu, wato murhun nan mai cikin yumɓu da ya shigo Gana a 2002, ya duba yumɓun da kyau, don shi ke riƙe zafi har gawayi ya yi auki. Ƙaramar tsaga ana iya shafe ta da yumɓu, a bari ta bushe a inuwa. In ya fashe, sai dai a sa sabo. Kuma kada a watsa masa ruwa yana da zafi.

To, ga babbar magana. Gawayi na fitar da wata iska mai guba wadda likitoci ke kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Jini yana kama ta fiye da iskar da muke rayuwa da ita sau 200 da ɗoriya. Mutane da yawa suna zaton in hayaƙi ya ƙare, garwashi ya yi jajir, shi ke nan. Ba haka ba ne, jan garwashi ma yana fitar da ita. A ɗakin haya guda, an rufe ƙofa da taga, mutum yakan wuce daga barci zuwa lahira bai ko motsa ba. Jarirai, masu ciki da tsofaffi su ne kan gaba a haɗari.

Saboda haka a hura wuta a tsakar gida. In an shigo da ita, a bar taga a buɗe, a nisanta ta daga gidan sauro da labule, kuma a fitar da ita kafin a kwanta. In mutanen ɗaki suka fara ciwon kai, jiri ko tashin zuciya a lokaci ɗaya, kada a tsaya neman fanadol. A fito da kowa waje, wanda ya galabaita a garzaya da shi asibitin Manhyia ko Komfo Anokye. Lambar 'yan kwana-kwana 192 ce.

Masu gidajen haya da limamanmu, don Allah a isar da wannan saƙo. Bargo biyu ya fi garwashi a ɗaka. Allah Ya kiyashe mu, amin. Sai wata mai zuwa.