Yaron da Ya Tsallako Iyaka Ma Ɗalibi Ne

Jama'ar Zango, akwai maganar da ke yawo a bakin wasu maƙwabtanmu, har da wasu daga cikinmu, wai kuɗin da gwamnatin Gana ke zubawa a makarantu bai halatta ga yaran da aka kawo daga Maraɗi ko Damagaram ko Sakkwato ba. Wai baƙi ne, su koma gida a ilimantar da su. Mu ba mu yarda ba, kuma hujjarmu ta wuce tausayi.

Sashe na 25 na kundin tsarin mulkin 1992 dukkan mutane ya ambata, bai keɓe 'yan ƙasa ba, ya kuma tabbatar cewa ilimin farko kyauta ne, tilas ne, na kowa ne. Tallafin da gwamnati ta soma biyan makarantu a 2005, sidi 3 na kuɗin yanzu a kan kowane yaro a shekara a wancan lokacin, da yawan sunayen rajista ake lissafa shi. Ashe yaron da aka rubuta kuɗi yake jawo wa makarantarsa. Kawun da ke riƙonsa kuma yana biyan kuɗin rumfa a Kejetiya, yana biyan haraji a kan sabulu da kanti da katin waya kamar kowa. To, haƙƙin wa aka ci?

Inda gizo ke saƙa shi ne sakandare kyauta da aka fara a watan Satumba na 2017, domin ɗan Gana aka yi wa ita. Haihuwa a nan kuwa ba ta ba da zama ɗan ƙasa, sai ta wajen uwa ko uba ko kaka. Yaro ya yi shekara tara a aji ɗaya da 'ya'yan Tonawa, Tonanci ya zauna a bakinsa, ya zana jarrabawar BECE ya ci, sannan a tsaya ana neman takardar kakansa. Ƙasar da ta sa hannu a yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 kan zirga-zirgar jama'a, bai dace ta shuka ta ƙi girbi ba.

Sai dai kuma masu riƙon yaran nan suna da nasu kason, kuma babba ne. Mun san tushen tsoron. Dattawanmu ba su manta da Nuwamban 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busiya ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice. Tun daga nan wasu ke gudun duk abin da ake rubuta suna a cikinsa. Amma yaron da babu shi a takarda, wane jami'in duba makarantu zai tambayi inda ya yini? Su ne muke gani a bakin titin Bantama suna miƙa hannu ga motoci da hantsi, lokacin da sa'o'insu ke aji. Uzurin cewa boko zai raba su da addini ma ya faɗi tun 1987, da aka kafa sashen ilimin Musulunci a ƙarƙashin hukumar ilimi ta ƙasa, inda ake karanta Larabci da Turanci a rufi ɗaya, gwamnati na biyan malamai.

Abin da muke nema: kowane sarki da limami a unguwanninmu ya buɗe littafi, a rubuta sunan yaro, da garinsu, da mai riƙonsa, da makarantar da aka sa shi, a riƙa bin sawu kowane zangon karatu. Asusun raya Zango da aka yi wa doka a 2017 ya ɗauki nauyin magatakardan da za su yi aikin. Wanda ya karɓo ɗan wani daga Nijar ya ƙi kawo sunansa, a kira shi gaban dattawa bayan sallar Juma'a ya faɗi dalili.