Ɗaya sabo, huɗu kwantai: cinikin 'yan tsanan Star Wars

Yau zan ɗan ja ku zuwa wata kasuwa da yawancinmu ba mu taɓa leƙawa ba, ku yi mini haƙuri ku biyo ni har ƙarshe.

Kwanakin baya na tsaya gaban wani mai baza kayan wasan yara na gwanjo a bakin titi. Cikin tulin motoci marasa taya da 'yan tsana masu guntun gashi, sai na hango wani ɗan mutum-mutumi na roba, baƙi wuluk tun daga kwalkwali har takalmi, hannunsa ɗaya ya ɓalle. Darth Vader ne, babban mugun finafinan Star Wars. Mai kayan bai san sunansa ba, ɗan sanda ya kira shi. Na saye shi da kuɗin da bai kai na kwanon shinkafa ba, yana nan kan teburina.

A wurinmu tarkacen yara ne. A Amurka da Turai kuwa akwai magidanta masu furfura da ke ware ɗaki guda don irin waɗannan 'yan tsana, suna tara su kamar yadda wasunmu ke tara littattafai. Kuma tsakaninsu da kamfanonin da ke ƙera kayan akwai wata tsohuwar rigima, wadda nake ganin ta cancanci mu tsaya a kanta.

Ga yadda abin ya faro. Fim ɗin Star Wars na farko ya fito ne a watan Mayun 1977. Mai shi, George Lucas, ya damu da haƙƙin kayan da za a ƙera da sunan fim ɗin a lokacin da manyan kamfanonin fim ba su ɗauki wannan fanni a bakin komai ba. Kamfanin Kenner da ke birnin Cincinnati ne ya samu izinin yin kayan wasan. Fim ya karɓu fiye da yadda kowa ya zata, Kirsimeti ya ƙarato, ga yara na nema, kaya kuma ba su kammala ba. Sai Kenner ya sayar da kwali wanda babu ɗan tsana ko ɗaya a ciki. Abin da ke ciki takardar alkawari ce: ka cike ka aika ta gidan waya, a farkon 1978 za a turo maka guda huɗu, wato Luke, Leia, Chewbacca da R2-D2. Cinikin biri a sama ke nan, amma iyaye suka saya, kamfanin kuma ya cika alkawari. Daga 1978 zuwa 1985 an sayar da kimanin guda miliyan 300 na waɗannan 'yan tsana da tsayinsu bai kai inci 4 ba.

Yaran da suka yi wasa da su sun girma, sun samu abin hannu, suka koma neman ƙuruciyarsu a kasuwa. Kamfanin Hasbro, wanda Kenner ya koma hannunsa a 1991, ya dawo da kayan a 1995, kuma tun daga lokacin wani babban kaso na masu saye manya ne. Abin ya kai har akwai kamfanin da aikinsa shi ne duba lafiyar ɗan tsana, ya ba shi maki, ya rufe shi a akwati mai garai-garai don kada hannu ya sake taɓa shi. A 2024 an yi gwanjon wani samfurin Boba Fett mai harba ɗan makami daga bayansa a kan sama da dala miliyan ɗaya. Tsadarsa ta samo asali ne daga cewa ba a taɓa sakinsa kasuwa ba, don an ji tsoron kada ɗan makamin ya maƙale a maƙogwaron yaro.

To, ina rigimar take? Ana sayar da ɗan tsana ne ta hanya biyu: ko shi kaɗai a jikin kwalinsa, ko a haɗa uku, huɗu, biyar a kwali ɗaya. Sau da yawa waɗanda ke cikin kwalin haɗaka tsofaffi ne da aka riga aka sayar a baya, daga mazubi ɗaya suka fito, sai dai a sauya musu kwali, wani lokaci a ɗan taɓa fenti. Sannan sai a saka guda ɗaya tak wanda ba a taɓa yin irinsa ba, a ce ba za a same shi a ko'ina ba sai a nan. Mutumin da ya shekara ashirin yana tarawa yana da tsofaffin huɗun tuni, wataƙila har bibbiyu. Idan yana son na biyar, dole ya sake biyan kuɗin duka.

Wannan dabara tana da dogon tarihi. A 1978 kantin Sears ya sayar da wani kwali mai ɗauke da halittu huɗu daga mashayar da ke cikin fim ɗin. Ɗaya daga cikinsu, Snaggletooth, an yi kuskure wajen ƙera shi. Hoton da Kenner ya yi aiki da shi baƙi da fari ne kuma bai nuna ƙasan jikinsa ba, sai suka yi shi dogo da shuɗin kaya. Daga baya aka gyara shi ya koma gajere da jan kaya. Shuɗin nan, da yake ta hannun Sears kaɗai ya fito, ya zama abin da ake farauta har yau. A can kuskure ne ya jawo ƙarancin. A zamanin yau da gangan ake ƙirƙirarsa. A 2019 Hasbro ya sake fito da 'yan tsanan 1978 da tsohuwar kamarsu, ya ƙara da Tarkin, wani babban hafsa a fim ɗin wanda Kenner bai yi ba a wancan zamanin. Amma don ka mallaki Tarkin, sai ka sayi wani tsohon wasan allo da aka sake bugawa, domin a cikinsa aka ƙunshe shi.

Ra'ayina shi ne, sake fito da tsohon kaya ba laifi ba ne. Yaron da aka haifa jiya bai ci zamanin 1995 ba, yana da haƙƙin ya samu Luke da Leia a farashi mai sauƙi ba tare da ya bi ta hannun dillalai ba. Akwai ma haɗakar da masu tarawa ke murna da ita, kamar kwalin da aka cika da sojojin nan masu fararen sulke, don kowa na son ya jera runduna. Laifin yana farawa ne daga lokacin da aka yi garkuwa da sabo guda ɗaya a tsakiyar tsofaffi. Mu da muka taso a kasuwa mun san wannan ciniki. Shi ne na ɗan kasuwar da kaya ɗaya ya yi wahala a gari, sai ya ce ba zai sayar maka ba sai ka haɗa da kwantan da ya shekara a shagonsa. Ba wanda ya tilasta ka, gaskiya ne, amma ba wanda ke fita daga irin wannan shago yana sa albarka.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne wanda ake yi wa hakan. Baƙon da ya shigo yau ba ya asarar komai, duka biyar ɗin sababbi ne a wurinsa. Wanda ke biya sau biyu shi ne tsohon abokin ciniki, wanda ya riƙe amana shekara da shekaru. Ke nan gwargwadon daɗewarka tare da su, gwargwadon abin da za a tatsa a jikinka.

Kamfanin ma yana da tasa hujjar, kuma ba zan ɓoye ta ba. Mazubin ƙarfen da ake zuba roba a ciki yana da tsada sosai. Idan aka yi shi don jarumin da kowa ya sani, kuɗi zai dawo. Idan kuwa don wata halitta ce da ta gifta a fim na daƙiƙa uku, masu saye kaɗan ne, don haka ake jingina ta da tsofaffin da mazubinsu ya riga ya biya kansa. A cire haɗakar, in ji masu wannan ra'ayi, ƙananan taurarin nan ba za su taɓa fitowa ba.

Na yarda da rabin maganar. Amma Hasbro da kansa ya nuna akwai wata hanya. A 2018 ya buɗe wani tsari mai suna HasLab, inda yake nuna abin da yake son ƙerawa, ya faɗi farashi, ya ce idan mutum kaza suka yi alkawarin biya za a yi. Na farko shi ne katon jirgin Jabba, a kan kusan dala 500, ana neman mutum 5,000, aka samu har da ƙari. A 2021 ya kawo dodon nan Rancor a kan kusan dala 350, ana neman mutum 9,000, ba a samu ba, aka fasa. Cikin abubuwan da masu saye suka yi ƙorafi a kai har da cewa wani abin da aka ce za a ƙara musu kyauta sun riga sun mallake shi. Ga ciniki na gaskiya: an faɗi abin da ke cikin buhu, mai saye ya ce to ko a'a. Mutanen da suka amince da kwali ba kaya a 1977 ba rowa ce ta hana su a 2021 ba. Sun gaji ne da biyan kuɗin abu ɗaya sau biyu.

Akwai kuma abin da nake ganin kamfanin kan manta, wato me ya ba robar daraja tun farko. Halittun mashayar nan da na ambata ba su da wani tarihi a fim, wasu ko magana ba su yi ba. Kenner ma laƙabi kawai ya ba su daga kamanninsu, wannan Hammerhead, wancan Walrus Man. Yara ne suka ɗauke su suka ƙaga musu labari a tsakar gida. Daga baya marubuta suka ba su sunaye na sosai, Momaw Nadon da Ponda Baba, kuma a 1995 aka fitar da littafin gajerun labarai, Tales from the Mos Eisley Cantina, wanda Kevin J. Anderson ya tace, inda aka bi mazauna mashayar aka ba su asali da damuwa da buri. Labari ne ya sa mutum ya yarda ya biya. Duk kwalin haɗakar da bai ƙara komai ba, daga wannan tsohon rumbun yake ɗiba, kuma rumbun da ake ɗiba ba a zubawa yana da ranar ƙarewa.

A nan ne abin ya taɓo mu. Mu ma muna da namu kwalin haɗakar. Mun ga tsohon labari da aka sauya wa suna da bango aka sake tallata shi kamar sabo. Mun ga labarin da zai ƙare a littafi ɗaya an ja shi har na uku da na huɗu, rabin kowane kashi maimaicin na baya ne, sabon abin da mai karatu ke jira an ɓoye shi a shafukan ƙarshe. Idan za ka sake fitar da tsohon aikinka, fitar da shi, tsohuwar zuma da ita ake magani. Amma rubuta a fili cewa tsoho ne, ka faɗi abin da ka ƙara, ka bar wanda ya saya a baya ya yanke hukunci da idonsa a buɗe. Wanda ya bi ka tun littafin farko shi ne ya fi cancantar ka ji kunyarsa.

Ɗan Vader ɗina mai hannu ɗaya ba zai taɓa shiga akwatin masu ba da maki ba. Wani yaro a wata ƙasa ya yi wasa da shi har ya karya shi, kafin ya biyo dilar gwanjo ya iso hannuna. Yanzu ƙanena ya ƙwace shi, ya raɗa masa suna Sarkin Duhu, kuma jiya na ji shi yana ba abokansa labarin yaƙin da ya ci hannun.

Ku kuma fa, a matsayinku na masu saye, a ina kuke ja layi tsakanin sake bugu na halak da sayar da kwantai? Sai mun haɗu a mako mai zuwa.