Wasiƙa Zuwa ga Masu Ɗaukar Hoton Jama'a na Kala



Da ku nake, masu yawo a kasuwa da tasha da bakin rijiya kuna ɗaukar hoton mutane a bakin sana'arsu. Ƙasarmu cike take da launi: atamfa, shuɗin marinar Ƙofar Mata, jan barkono a shanye, kayan dawakin hawan Sallah. Wannan yalwa ce ke sace muku ido. Sau da yawa nakan ga hoto ya yi kyau matuƙa, mayafi yana walƙiya, amma fuskar mai mayafin ta nutse a duhu. Ku fara da fata. In launin fatar mutum bai fito daidai ba, sauran launukan ba su da abin da za su gaya mana game da shi.

Matsalar tana da asali. Daga shekarun 1950 masu wankin hoton kala sun riƙa daidaita injinansu ne da wani kati na kamfanin Kodak da ake kira Shirley, mai ɗauke da hoton baturiya. Farar fata ce ma'auni, don haka baƙin mutum yakan fito kamar inuwa, sai haƙora da fararen idanu. Cikin abubuwan da suka sa aka gyara fim ɗin ɗaukar hoto har da koken masu sayar da cakulan da kayan katako, waɗanda suka ga ruwan ƙasa mai duhu ba ya fitowa a tallarsu. Kyamarar yau ta fi ta da nesa ba kusa ba, amma har yanzu in kun bar mata zaɓi za ta yi kuskure. Ku tsayar da dattijo cikin farar babbar riga da tsakar rana, za ta auna hasken rigar ta bar fuskar a dushe. Ku auna haske a kan fuska. Ku roƙe shi ya matso bakin zaure ko gindin rumfa, inda haske ke shigowa ta gefe yana fito da tsagar kunci da furfurar gemu. Ku kuma ɗaga kai ku duba abin da aka yi rumfar da shi, domin shuɗiyar leda ko koren tamfol na zuba launinsa a kan fata, mai tumatir lafiyayye ya fito kamar marar lafiya. Hantsi da la'asar sakaliya sun fi, hazon hunturu kuma yana tausasa haske in kun iya da ƙura.

Sai gyaran kwamfuta. Don Allah ku daina yi wa mutane bilicin. Wanda ya haske fuskar baƙar mace ya goge kurajenta da layukan goshinta, ya ce mata ne yadda Allah ya yi ta bai isa ba. Labarin zuciya a tambayi fuska, to wa za mu tambaya in kun shafe ta?

Launi kuma yana iya rufe mutum ko da hoton ya yi fice. Yarinyar nan 'yar Afganistan mai jan mayafi da korayen idanu, wadda Steve McCurry ya ɗauka a sansanin 'yan gudun hijira a Pakistan a 1984, ta fito a bangon mujallar National Geographic a watan Yunin 1985. Duniya ta haddace idanunta, amma sai a 2002 aka gano sunanta Sharbat Gula. Ku kuma dubi aikin Fati Abubakar a Maiduguri, Bits of Borno, wanda ta fara a 2015 lokacin da ba a nuna komai daga Borno sai ƙonannun gidaje. Ta ɗauki 'yan makaranta, 'yan kasuwa, amare, kuma takan haɗa hoton da abin da mai shi ya faɗa da bakinsa. Hanyar da nake so ku bi ke nan.

Don haka ku yi sallama kafin ku ɗaga kyamara. Ku tambayi suna, ku faɗi inda hoton zai je, musamman in intanet ne. Matar da ta ja mayafi ta kau da kai ta ba ku amsa, ku wuce. Yaro kuma sai da izinin iyayensa ko malaminsa. Wanda ya yarda, ku nuna masa hoton nan take a bayan kyamara, in ya ce bai so a goge. In kun wanke, ku kai masa kwafinsa har rumfarsa.

Wassalam,
Ɗan'uwanku mai ƙaunar wannan sana'a.